Wandon da Na Sayo wa Yaya a Guangzhou

Yayana mai gyaran agogo ne. Teburinsa yana bakin titi a Fagge, jingine da bangon wani kemis, kuma tun ina firamare a nan nake samunsa, gilashin nan mai ido ɗaya maƙale a fuskarsa, sandarsa a bayan kujera. Shan-inna ta taɓa shi yana ɗan shekara uku, ta bar masa ƙafar hagu siririya, kuma ba ta kai ta dama tsawo ba. Saboda haka yake ɗaura ƙarfe tun daga cinya har diddige, mai maɗauran fata huɗu da wata gaɓa a daidai gwiwa wadda yake saki idan zai zauna, ta ce ƙas. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya kai ni wurin wani mai shagon yadi a Kwari ya ce a koya mini kasuwa.

Ban taɓa ganinsa da wata sutura ba sai kaftani da wando mai zariya, mai faɗin ƙafa, wanda yake rufe ƙarfen ruf. Ban kuma taɓa tunanin ko yana sha'awar wani abu daban ba. Yaya ne, haka na tashi na gan shi.

A ƙarshen shekarun casa'in maigidana ya fara sayen kaya daga Chana, labule da leshi da zif. Shi ba ya son jirgi, sai ya ce ni zan tafi. Labari ya bazu a gidanmu, kowa ya kawo saƙonsa, wannan rediyo, waccan fulas ɗin shayi. Na je na durƙusa gefen teburin Yaya na ce, "Yaya, kai me zan taho maka da shi?"

Bai ɗago daga agogon da yake buɗewa ba. Ya ce, "Ka taho mini da kanka lafiya."

Ana gobe zan tafi, da la'asar, matarsa ta kira ni bakin kicin. Anti nake ce mata, kuma mun saba tsokanar juna, amma ranar ba ta yi wasa ba. Ta leƙa zaure ta tabbatar ba kowa, sannan ta ce, "Ka tuna wandon jins ɗinka na gwanjo, wanda ka tarar ya yage a cinya, ka yi ta zagin ɓera?"

Na ce na tuna. Shekara uku ke nan da yin abin.

"To ba ɓera ba ne. Yayanka ne."

Ta ce wata rana na shanya shi na fita, shi kuma ya dawo cin abinci. Ya daɗe yana shafa yadin a kan igiya, sannan ya ɗauka ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Can ta ji ƙarar yagewa. Da ta shiga ta same shi zaune a bakin gado, wandon ya tsaya a gwiwa, bakin ƙarfen ya huda shi. Ya ce mata kada ta faɗa. Tun daga ranar bai ƙara maganar ba, amma tana ganin yadda yake bin samari da kallo idan sun wuce.

Ta ciro wani zaren buhu daga bakin zaninta, mai ƙulli uku. Ta ce da shi ta auna wandonsa yana masallaci: ƙulli na farko ƙugu, na biyu faɗin ƙafa, na uku tsawo. Na naɗe zaren na sa a cikin fasfo.

Ta Hong Kong muka shiga, muka hau jirgin ƙasa zuwa Guangzhou. Maigidana ya haɗa ni da wani abokin cinikinsa, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya riga kowa sanin hanyar. Alhaji nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Kano. Gajere ne marar jiki, mai farin gemu, kuma ya tsinci Sinanci a bakin kasuwa daidai wanda zai yi ciniki ya kuma yi faɗa. Ɗaki ɗaya muka kama a wani masauki a Xiaobei, ba nisa da benen Tianxiu. A lokacin baƙar fata ba su da yawa a unguwar, idan ka hango ɗaya daga nesa sai ka tsallaka titi ku gaisa. Filin jirgi yana cikin gari, jirage suna saukowa ta kan rufin gidaje har sai ka yi shiru sun wuce. Damina ce, zafi da laima, rigarka ba ta bushewa a jikinka.

Kwana tara na yi ina hidimar kayan maigidana. Da aka gama ɗaure su ya rage mini kwana shida, sai na gaya wa Alhaji ina son wandon jins mai kyau, wanda ba irin na tallan titi ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai za ka sa?"

"Na yayana ne."

"To, mu tahi wurin wata mata."

Shagonta yana cikin wata kasuwar tufafi kusa da tashar jirgin ƙasa, can ƙarshen layi, bai fi faɗin tabarma biyu ba. Mace ce da za ta kai hamsin, gashinta a yanke, tabarau rataye a wuya da zare, keken ɗinki a bayanta. Lawban Alhaji yake ce mata, wato mai shago, ni ma na bi shi. Ya yi mini bayani cewa akwai masana'antu a wajen gari da suke yi wa 'yan Japan ɗinki. Daga Japan ake kawo yadin, a ɗinka a nan, a mayar musu, abin da ya yi saura kuma irin su wannan matar suke samu.

Ta sauko da wando ɗaya ta miƙo mini. Na girma a cikin yadi, amma ban taɓa riƙe irinsa ba. Yana da nauyi, a sandare kamar an sha masa sitaci, shuɗinsa ya yi duhu har ya kusa baƙi. Ta juyo bakin ƙafar ta nuna mini wani jan zare siriri da ya bi gefen ɗinkin tun daga ƙasa har sama, ta ce wani abu tana buga ƙirji. Alhaji ya ce tana nufin bakin saƙa ne, a tsohuwar masaƙa aka yi shi, ba ya warwarewa. Na kai shi hanci. Ƙamshin baba ne sak, irin wanda yake tashi idan ka bi ta marinar Ƙofar Mata.

Na zaɓi wani mai ɗame ƙafa, irin wanda samari suke yayi, na ciro zaren Anti na ba ta. Ta miƙe shi, ta duba ƙulli na farko, ta zagaya ƙugunta da shi, ya yi saura. Ta jawo Alhaji ta hannun riga ya tsaya kusa da ita, ta zagaye su biyu, sai a nan ƙullin ya haɗu. Ta fashe da dariya har da riƙe teburi. Maƙwabciyarta ta leƙo ita ma ta kama.

Alhaji ya ce, "Ɗan Kano, wanga ai awon buhu ne. Wandon zariya aka auna maka. Yayan naka giwa ne?"

Na ji kunya ta kama ni. Ni da nake sayar da yadi, ban yi wannan tunanin ba. Na ce masa Yaya siriri ne, sai dai akwai abin da ya sa yake sa mai faɗi. Ban taɓa yi wa wani bayanin ƙafar Yaya ba. A unguwarmu kowa ya san ta, ba a tambaya.

Na nemi biro, na yage gefen wani kwali, na zana ƙafa, na zana ƙarfe biyu a gefenta da maɗaurai. Zanen bai yi kyau ba, amma matar ta daina dariya. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Sai ta jawo mana kujeru biyu 'yan ƙanana, ta zuba mana shayi marar sukari a wasu kofuna kamar murfin kwalba, ta fara tambaya, Alhaji yana fassarawa.

Ƙarfen yake fara ɗaurawa ko wandon? Na ce ƙarfen. Takalmin a haɗe yake da ƙarfen? Na ce a haɗe, don haka dole bakin wandon ya wuce takalmi. Gaɓar gwiwar ta ciki take ko ta waje? Na ce duka biyun, amma ta wajen ta fi tudu. Ina amsawa ina mamakin kaina. Ashe tun ina yaro, lokacin da nake taya shi jan maɗauran da safe, hannuna ya haddace komai. Ta tambayi aikinsa, Alhaji ya nuna agogon hannunsa ya yi kamar yana murɗa sukuru. Ta gyaɗa kai. Mai yawan zama ne ke nan, in ji ta, sai wando mai zurfin ƙugu, don kada ya zame ta baya.

Sannan ta ɗaga yatsu tana lissafa abin da take so: ƙugu, cinya tare da ƙarfen, gwiwa tare da gaɓar, tsawon dama, tsawon hagu. Ta mayar mini da zaren. Ta ce, "Meyo," tana kaɗa hannu. Wannan kalmar ko ni na san ta. Babu.

A hanya na ce wa Alhaji ni dai in sayi wanda na ga ya fi kama, in an je gida tela ya gyara. Na so abin ya zama ba-zata.

Ya ce, "Mi kake so, ya yi mamaki ko ya sa wando? In ka kai mai ya ƙi shiga, ka sake yi mai abin da ya faru da fari. Kira shi."

A lokacin wayar hannu ba ta zo mana ba. Kemis ɗin da Yaya yake jingine da shi yana da tarho, kuma ina da lambar. Da la'asar ɗin Guangzhou, lokacin da hantsi yake yi a Kano, na sayi kati na shiga wata rumfar waya a bakin titi. Sai a bugu na biyar ta shiga. Mai kemis ya ce bari ya kira shi. Ina jin hayaniyar Fagge a kunnena, hon ɗin 'yan acaɓa da mai tallan ruwa, sannan na ji takun sanda da ƙarar ƙarfe suna matsowa da sauri fiye da yadda na san tafiyarsa.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya lau, Yaya. Awonka nake so."

"Awon me?"

Na gaya masa. Na yi maganar a gurguje, ina kallon motoci, kamar saƙon wani nake isarwa. Da na gama bai ce komai ba. Na ɗauka layin ya yanke.

"Yaya?"

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kake."

Can ya ce, "Ka bar shi kawai. Ka san ƙafar nan."

Na ce, "Na san ta. Na zana wa matar, ta ce zai yiwu. Awo kawai take so, tare da ƙarfen."

"Ka zana ta?"

"Na zana."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kai da ko da'ira ba ka iya ba." Sannan ya ce, "Ka sake kira gobe war haka."

Washegari yana gefen wayar kafin ta yi ƙara biyu. Ya ce ya je wurin telansa bayan an watse, sun rufe shago sun auna. Ya karanto mini lambobin ɗaya bayan ɗaya, da muryar da yake gaya wa mutum abin da ya lalace a agogonsa, ni kuma ina rubutawa a tafin hannu domin na manta takarda. Bambancin dama da hagu inci biyu da rabi ne. Duk zamana da shi ban san adadin ba sai ranar.

Har zan ajiye sai ya ce, "Kai."

"Na'am, Yaya."

"Kada ya zama mai haske ɗin nan. Mai duhu."

"Mai duhu ne, Yaya. Kamar an tsamo shi daga marina."

"To," in ji shi, ya ajiye.

Muka koma wurin Lawban na shimfiɗa mata tafin hannuna. Ta ɗauko tef ta auna lambar ƙugun, sai ta dube ni kamar za ta sake dariya, domin abin da ya fito ya kusa na zaren Anti. Alhaji ne ya gano. Tef ɗinta fuska biyu ne, kuma incin Sinawa ya fi namu tsawo. Ya ce mu 'yan Najeriya ne da rigimar inci, da santimita aka bi da tuni an gama. Ya zauna ya mayar da komai santimita a bakin kwalin nan da na yi zane, ta duba ta gyaɗa kai.

Ta sauko da kala uku. Sai ta ja baya ta ƙare wa Alhaji kallo, ta zagaya ƙugunsa da tef ba tare da neman izini ba, ta ce wani abu. Alhaji ya ɓata rai.

"Mi ta ce?" na tambaye shi da irin maganarsa, don in tsokane shi.

"Wai ƙuguna ya kusa na yayanka. Wai ni zan gwada."

Na ce ya bari, ba sai an kai ga haka ba. Dattijo ne mai jikoki, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin ko ƙwaurinsa ba. Ya cire hula ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe. In ka faɗi wanga a Kwari, ban yahe ba."

Matar ta ɗauko sandunan gora biyu da take sauko da kaya da su, ta ɗaura masa a gefen ƙafar hagu da ƙyallaye, ta dunƙule wani tsumma ta ɗaure a daidai gwiwa ya zama gaɓar. Ta ja labule. Muna jin nishinsa da salati daga ciki.

Na farko, mai ɗamewar da na zaɓa, ko gwiwa bai wuce ba. Na biyu mai faɗi ne sosai tun daga cinya, ya shiga ba wahala. Alhaji ya fito yana tafiya da ƙafa a miƙe, rigarsa a tattare a hammata. Lawban ta ɗaga babban yatsa. Ita a ganinta an gama, ƙarfen ya ɓace gaba ɗaya.

Na daɗe ina kallo, sannan na ce a'a. Alhaji ya ce me ya sa, ga shi ba a ganin komai. Na ce shi ya sa. Wannan wandon zariyarsa ne aka yi da wani yadi. Shekara arba'in yana sa abin da yake ɓoye ƙafar, ba irinsa ya ɗauka daga kan igiya ba. Abin da kowa yake sawa yake so.

Ban san yadda Alhaji ya fassara ba, domin kalma huɗu ko biyar kawai ya faɗa. Ta dube ni, ta miƙa masa na uku.

Shi wannan miƙaƙƙe ne, faɗinsa ɗaya daga cinya har idon sawu, ƙugun yana hawa har cibiya. Ya shiga, amma ana ganin ɗan tudun tsumman a gwiwa idan an lura. Ta sa Alhaji ya zauna a kujera, ta zura yatsu biyu ta bayan ƙugun ta ga bai buɗe ba. Shi kuma da kansa ya miƙe ya yi ruku'u, ya ce ai mutum zai yi salla da shi, gara a sani tun yanzu. Bayansa bai fito ba. Maɓallan ƙarfe ne a gaban maimakon zif, na ɗan yi shakka, sai na tuna yatsun da suke kama allurar agogo ba maɓalli ne zai gagare su ba.

Na ce wannan. Ta karɓe shi ta mayar kan teburi, ta ɗauko irinsa wanda ya fi shi girma da lamba biyu. Na ce ba shi ba, wancan. Ta kama yadin ta matse shi a hannu tana nuna yana tsukewa. Alhaji ya ce ɗanyen yadi ne, bai taɓa ganin ruwa ba, wankin farko zai ja. Kuma ba za ta yanke ƙafar ba sai na jiƙa shi ya bushe, in ba haka ba awon ya tashi a banza.

A bokitin wanka na masauki na jiƙa shi. Ruwan ya koma shuɗi, hannuna ya rine har wuyan hannu, kwana uku ina cin abinci da shuɗin farce. Na rataye shi a taga, ruwan sama ya hana shi bushewa. Na dawo da shi gaban fanka, na ɗaure ƙugun a jikin ƙusa, ƙafafun suna lilo. Alhaji ya haƙura da fankar kwana biyu, yana fifita da kwali, yana cewa shi dai bai taɓa ganin wandon da aka yi wa jinya irin wannan ba. Ana gobe za mu tashi ya bushe. Da na auna, ya ja daidai yadda ta ce.

Ta shimfiɗa shi a teburi, ta ja layi da alli a ƙafar dama, ta ja na hagu sama da shi, ta sake aunawa sau biyu kafin ta sa almakashi. Ta kalmashe bakin da zare ruwan zuma irin na sauran ɗinkin. Na ɗauka an gama, sai ta juya ƙafar hagun ciki-waje, ta yanko wani yadi mai laushi ta ɗinke shi daga ciki a gefen gwiwa, inda gaɓar za ta riƙa gugar wandon, da wani a cinya, daidai inda bakin ƙarfen yake. Ban roƙe ta ba, kuma ban gaya mata labarin wancan wandon da ya yage ba. Daga zanen kwalin ta gani. Ta naɗe guntayen da ta yanke ta cusa a aljihun baya, ta yi alamar faci da hannu.

Na ce mata shiye-shiye, wato na gode, na sake faɗa, domin ita ce kalmar da nake da ita. Ta kaɗa hannu kamar tana korar ƙuda, ta juya wurin wata mai saye.

Ranar da na isa gida aka cika tsakar gida ana rabon tsaraba. Na bari sai da aka watse na kai masa ɗaki. Ya buɗe ledar, ya shafa yadin, ya duba ɗinkin kamar yadda yake duba cikin agogo, ya jera ƙafafun biyu ya ga bambancin tsawon. Da ya zura hannu ya taɓa facin ciki sai ya tsaya. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce matar ce ta sa. Ya ce, "Allah ya yi mata albarka." Ya ninke shi ya sa a akwati.

Mako uku ban gan shi a jikinsa ba. Kullum na biyo ta Fagge sai in tarar da kaftani da wandon zariya. Abin ya dame ni, na tambayi Anti ko bai yi masa ba ne. Ta ce ya yi masa kamar a jikinsa aka ɗinka, kullum bayan sallar asuba sai ya sa, ya yi tafiya daga gado zuwa ƙofa ya dawo, ya cire. Ta ce, "Ka ƙyale shi. Kada ka tambaya."

Wata Asabar da hantsi maigidana ya aike ni Sabon Gari, na biyo ta wurinsa. Tun daga nesa na ga mai kemis a tsaye a kansa yana tafa hannu. Yaya yana zaune da farar shat mai gajeren hannu, wadda ban san yana da ita ba, da wandon. Ya ga na taho, ya sa gilashinsa a ido ya sunkuya kan aiki.

Mai kemis ya ce, "Zo ka ga ɗan saurayi! Na ce masa yau sai an biya kuɗin kallo."

Na gaishe shi na zauna a benci, ban ce komai a kan wandon ba, shi ma bai ce ba. Ana ganin tudun gaɓar a gwiwa, kuma ba wanda ya kula. Bayan ɗan lokaci ya zura yatsa a ɗan ƙaramin aljihun nan da yake cikin babban aljihun dama, ya ce, "Ka san amfanin wannan?" Na ce na canji ne. Ya ce a'a, na agogon aljihu ne, tun zamanin da ba a ɗaurawa a hannu. Ya jawo durowa ya ciro wani tsoho mai sarƙa da mai shi bai dawo karɓa ba, ya zura. Ya zauna daram.

Shekara bakwai ya yi yana sa shi. A hankali shuɗin ya koɗe a wuraren da ƙarfen yake taɓawa, amma bai huje ba. Matar kuwa ban sake ganinta ba. Da na koma bayan shekara biyu na tarar ana sayar da jakunkuna a shagon, maƙwabciyar ta ce ta koma garinsu wurin 'yarta.

Amma a ranar Asabar ɗin, da azahar ta yi, Yaya ya rufe teburinsa, abin da ba ya yi sai magariba. Ya ce in raka shi. Muka tsallaka titi a hankali, muka shiga shagon wani mai hoto. Mai hoton ya ga sanda, ya yi sauri ya jawo kujera gaban labulen.

Yaya ya ce, "A tsaye za a yi."

Ya gyara gaɓar gwiwar ta kulle, ya dogara da sandar, ya ce in zo in tsaya a damansa. Mai hoto ya ce mu matso, mu ɗaga kai, ya ƙirga uku.

Da muka je karɓa bayan kwana biyu, sai ga ni ido a rufe, baki a buɗe kamar mai shirin atishawa. Mai hoto ya ce a sake, ba komai. Yaya ya riƙe hoton nesa da fuskarsa, ya matso da shi, ya duba daga sama har ƙasa.

Ya ce, "A'a, bar shi haka. Ni na fito."